A Tuge Turakun Mashigi

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Ranka shi daɗe hakiminmu, Allah shi gafarta Alƙali da Liman, malamai, dattawa, jama'ar Kebbe da baƙinmu na Tambuwal, assalamu alaikum. Ni, Na'iya Sarkin Ruwa, na gode da kunka amsa kirana, don tsoro nika ji.

Na farko, ku tuna da gulbin ga. Daga gabas yat taso, yar ratsa ƙasar Zamfara, yab bi ta ƙofarmu, yag gangara ga gulbin Kabi, su biyu sunka faɗa Kwara, wadda ta biyo ta ƙasashen da ko sunansu ba mu iya faɗi. Bai san iyakar kowa ba. Tun gabanin jihadi shina ɗaukar jiragen gishiri, shina ɗaukar jiragen yaƙi, bai taɓa tambayar wa ke ciki ba. Garinmu ba shi da ganuwar da ta fi shi.

Na biyu, bana ruwa ya ja. Don tausayin mata masu zuwa kasuwar ƙetare, munka kafa turaku bisa mashigi, inda ruwa bai wuce ƙugu ba, kowa shi bi su shi tsira daga gurbi, ramin nan mai zurfi na cikin ruwa. Alheri munka nufa.

Na ukku, jiya da hantsi ƙanena Ɗangiwa yaz zo, yac ce: "Yaya, zo ka ga kabar da anka ɗaura ma turken tsakiya." Na je, na duba. Jama'a, ɗaurin nan ba namu ba ne. Ɗaurin masuntan Kabi ne, na san shi kamar tafin hannuna. Bakin mashigi kuma, ga sawun doki cikin laka, ya shigo, ya koma. Sun auna ruwanmu. Turakun da munka kafa ma matanmu, su za su kawo mahara ƙofar ɗakunanmu.

Don haka nika roƙo, ranka shi daɗe, a tuge su yau, kafin rana ta faɗi, kada a bar ko guda. Na san akwai namu a ƙetare, na san wanda yad dawo bai iske turaku ba, ko shi tsaya can ga hanyar mahara, ko shi faɗa gurbi. Kada wani shi ce don ba ni da kowa can ne. Uwata Inno na can, ta tafi jinyar ƙanwata, kuma idonta ba shi gani sosai. Ni zan tuge na farko da hannuna.

Allah shi tsare garin ga, shi tsare na gida, shi tsare na ƙetare, shi riƙa hannun tsohuwar da ba ta san an ɗauke mata hanya ba. Na gode.