Haƙorin Makkana da na cire

"Ki fara cirewa, gobe mu bi." Mai gabatarwa, barka da aiki. Wannan alkawarin ƙawata Hajiya Larai ne, a nan Alƙahira. Wata guda ita da sauran ƙawayenmu suna damuna wai haƙorin Makka ƙauyanci ne. Da girmana da karatuna na bi su kamar tunkiya. Likita ya ɓare zinaren, sai ga haƙori kamar ƙwayar shinkafa. Ranar wani suna a unguwar Ma'adi na tarar kowa nata yana walƙiya. Larai ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, Alhaji ya hana."

Larai, na ba ki zuwa Juma'a ki cire naki. In ta wuce, biyu zan sa, ba shawarar kowa, in zauna kusa da ke kowane biki ina ta dariya.

Hajiya Talatu