Raket Guda

A kasuwar Birnin Konni, Muhsina, baƙuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, ta tsinci raket biyu na ƙwallon tebur a rumfar wani tsoho mai gwanjo.

"Baba, nawa?"

"Jikka biyu, ɗiyata. Sabbi jikka biyar ne."

"Ba ni guda a jikka."

"Albarka! Abokiyar wasanki fa, da tafin hannu za ta buga?"

"Da bangon ɗakina nike bugawa, Baba. Wata huɗu da turo ni nan, shi kaɗai ke maido mini."

Tsohon ya karɓi jikka, ya zuba duka biyun a leda.

"Aje ɗayan, ko wani ya yi sallama."

Ta yi godiya. Ba ta gaya masa babu wanda ya san ƙofarta ba.