Injin Farfesa a Cikin Gilashi

Mai girma shugaban taro, mai girma shugaban asibiti, manyan baƙi da ke kujerun gaba, likitoci da malaman jinya, iyayenmu da ke tsaye a baya saboda kujeru sun ƙare, da Mama Farfesa wadda dominta aka taru: Assalamu alaikum.

Na gode da aka ba ni dama in yi magana a madadin yara masu sikila. Ban saba magana a gaban mutane ba, ko a aji ba na ɗaga hannu. An ce in yi godiya, in yi murmushi, in sauka. Godiyar zan yi, sauran kuma ku yi mini haƙuri.

Da farko, Mama Farfesa. Tun kafin a haife ni take binciken cututtukan gado. Lokacin da yayana ya rasu, Goggo ta ce jinin Inna ne ba shi da kyau. Farfesa ta zaunar da ita da Baba a ɗakin gwaji, ta ce, "Yaya, wannan ciwon ba ya zuwa ta ƙofa ɗaya. Rabi daga uwa, rabi daga ƙaninki." Goggo ba ta sake tayar da maganar ba. An ce ana karanta rubuce-rubucen Farfesa a ƙasashen da ban san sunansu ba, kuma ɗalibanta sun zama farfesoshi. Ni dai abin da na sani, ita ta koya wa asibitin nan a gwada jariri tun yana cikin tsumma, a fara ba shi magani kafin ciwon ya kama shi. Shi ya sa yau nake tsaye da ƙafafuna.

Na biyu, masu yabo. Tun safe muke jin yabo, har lasifika ta gaji. Wani ya ce ɗakin Farfesa kamar ɗakinsa ne. Allah Sarki! Ɗazu ni ya tambaya hanyar ɗakin. Ga shi can bayan wurin wanki, inda fankar ba ta juyawa, inda iyayenmu ke layi a kan benci mai ƙafa uku da bulo. Mun girma a kan bencin nan, ba mu taɓa ganin takalmanku masu ƙyalli a wurin ba. Jiya aka yi wa bangon fenti, iya inda hoto zai ɗauka.

Na uku, kuma shi ya kawo ni: injin gwajin jini. Ku duba hannun damanku. Ga shi can cikin akwatin gilashi, an ɗaura masa jan ƙyalle kamar ango. An ce shi ne injin da Farfesa ta fara aiki da shi, don haka ya zama kayan tarihi. Masu wannan dabara sun manta su tambaya ko akwai wani. Babu! Shi ne na farko, shi ne na ƙarshe. Sabon, an ce yana hanya. Tun ina firamare yake hanya.

Inna ta haifa mana ƙane. Ta kai shi gwaji, mai gwajin ya ce, "Inna, sai haƙuri, an ɗauke injin."

Ta ce, "Ɗan nan, injin lalacewa ya yi?"

Ya ce, "Ya fi ni lafiya. Karrama shi aka yi."

Kun karrama injin, kun karrama bango, kun karrama kanku. Mu kuma a gida, in Auta ya yi kuka sai Inna ta hau matsa yatsunsa tana duba ko sun kumbura, don da haka na yayana ya fara. Ba mu sani ba ko yana da ciwon ko ba shi da shi. Amsar tana can, an kulle ta, ana goge mata ƙura.

Ya ku manyanmu, wace irin girmamawa ce wannan, a tsayar da aikin mutum don a tuna ya yi aiki? Farfesa ba ta mutu ba. Ga ta nan zaune, tun da aka fara taro gilashin take kallo, ba ku ba.

An ce ina sauka shugaban asibiti zai yanke ƙyalle. Ranka ya daɗe, in an miƙo maka almakashi, don Allah ka nemi makulli. Inna, ɗaga shi su gan shi. Ga Auta can. Mun zo da shi, mai gwajin ma yana nan, kuma akwai wuta yau saboda zuwanku.

Allah ya ƙara wa Mama Farfesa lafiya da nisan kwana. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Mu dai muna kan benci, muna jira.

Na gode.