Askar Da Na Hana Ta Taɓa Jikana

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Daga Gudu nake rubutowa cike da murna, an haifa mini jika.

Saboda ciwon ƙoda, likita ta sa aka yi mini rigakafin ciwon hanta tun da wuri. Abokaina da muke aski wurin wanzami ɗaya kuwa, ciwon hanta ya kama su ta askarsa, idanunsu suka yi ɗorawa, ɗaya bayan ɗaya muka kai su makwanci.

Ranar suna sai ga wanzamin yana wasa tsohuwar askar nan a tafin hannunsa, yana murmushi. Na ce, "Sarkin aska, yau sai sabuwar reza." Ya mayar da ita zabira, ya fita cikin fushi.

Jaririn lafiya lau, an yi masa allurar rigakafin ciwon hanta. Jama'a, yaya zan lallashi mutumin nan ya daina amfani da ita? Gobe yana da wani sunan a Mararaba.