Jarrabawar Turancin da Ta Zagi Ubana

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Dattawan ikilisiya, iyayena mata na zumunta, ina gaisuwa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Bitrus, malamin gona ne ni. Aikina yana can wajen Bebeji da Kiru, tare da mutanen da ruwan Tiga ya tasa daga garuruwansu, muna noman rani tare. Waɗanda suka san ni kuwa sun san wata bakwai ban taka ƙofar wannan majami'a ba. Yau na zo in faɗi dalilin da bakina, tun kafin kasuwar Tudun Wada ta ƙara masa gishiri.

Fushi ne ya ɗaure ni, kuma takarda ce ta jawo shi.

Bayan na gama digirina na fari, ma'aikatarmu ta samo mini gurbin digiri na biyu a ƙasar waje, in karanto noman rani. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mini, in ci jarrabawar Turancin da jami'ar can take nema. Dama biyu gare ni. In na faɗi sau biyu, a ba wani gurbin.

Na ce wannan ai abin wasa ne. Da Turanci na yi sakandare, da shi na yi jami'a, da shi nake rubuta rahoto kowane wata.

Sai aka aiko mini da littafin gwaji. Jama'a! Kalmomi ne waɗanda ban taɓa jin wani mahaluƙi ya furta ba. Akwai sunan wata igiya a jikin jirgin ruwa, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi Tiga girma ba. Na zaɓi biyar na kai wa Baturiyar da ke asibitin mishan, uku kawai ta sani. Ita da aka haifa a cikin harshen! To ni ɗan Doguwa me na yi musu?

Duk da haka na dage. Na yayyanka takardu na rubuta kalmomin, na cika aljihu da su. A kan babur ina hadda, a bakin gona ina hadda. Matata Rahila tana tsintar shinkafa tana ja mini baki, in na kuskure ta ce, "Malam, sake dai."

Ranar jarrabawa na tafi Kano. Babban ɗaki ne, kowa da fensirinsa. Ba rubutu ake yi ba. Kowace tambaya da amsoshi a jere, kowace amsa da ɗan zagaye a gabanta, ka zaɓi ɗaya ka cike shi da fensir. Wai inji ne zai duba a can ƙasarsu.

Sashen kalmomi ya wuce lafiya. Sai aka zo sashen karatu, inda za a ba ka rubutun wani masani ka karanta ka amsa tambayoyi a kai.

Kun san a kan me aka yi rubutun? A kan manomanmu. Wai manomin Afirka yana cakuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ne saboda bai san tsarin noma ba. Tambayar kuma ta ce: bisa ga marubucin, me ya sa manoman suke haka? Ga amsar nan a jere, ƙiri-ƙiri: rashin sani.

Rashin sani! Babana ko bihim bai sani ba, gaskiya ne. Amma ya san gero zai nuna da wuri ya kori yunwar marka, dawa ta tsaya ta cika rumbu, wake ya shimfiɗa a ƙasa ya ba mu abinci ya ba dabbobi harawa. In ɗaya ya ƙi, ɗaya zai yi. Da wannan cakuɗar aka biya mini makaranta har na zo na zauna a kujerar nan. Yanzu ni zan sa hannuna in cike zagayen da ya ce jahili ne?

Idona ya rufe. Na cike wata amsar, wadda ta fi kusa da gaskiya. Bai ishe ni ba, sai na juya gefen takardar na kama rubuta wa marubucin raddi. Na yi masa bayanin ƙasa, na yi masa bayanin damina. Ina cikin haka aka ce a ajiye fensir. Tambayoyi wajen ashirin ko kallonsu ban yi ba. Raddin nawa kuma inji na rubuta wa, abin da ba shi da ido balle kunya.

Bayan wata uku takarda ta zo ta gidan waya. Na faɗi.

Daga nan ne Shaiɗan ya sami wurin zama. Na ce Allah yana gani aka zagi ubana, na tsaya kan gaskiya, shi ne ya bari na faɗi. To ni ma na bar masa ɗakinsa. Na daina zuwa sujada. Ranar kasuwar Kafin Maiyaƙi, in na tashi daga aiki, sai in ratse gidan burukutu, abin da rabona da shi tun kafin baftismata. In na sha in yi ta zagin Turawa da Turanci, mutane suna dariya, ni ina ganin kamar wa'azi nake.

A gida kuwa, haushin kaza huce kan dami. Rahila ba ta isa ta buɗe baki ba. Ta ce, "Malam, dama ina so in ce..." sai in ce na san abin da za ta ce. Rannan ta ɗauko mini littafin gwajin ta ce saura wata biyu a sake jarrabawa, na fizge shi na jefa bayan danga. Na ɗaga mata hannu. Ban sauke a kanta ba, amma na ɗaga, kuma a gabanku nake faɗa don kunyar ta ishe ni.

Ita ce ta je ta sami Baba Ayuba. Ga shi can zaune a layin gaba. Yara ba su sani ba, amma shi ne ya yi wa Turawan mishan tafinta a ƙauyukan nan shekara da shekaru. Ya zo gidana a kan kekensa da rana tsaka, ya same ni ina huci kamar kububuwa. Na kwashe labari na gaya masa, har da kumfar baki. Bai katse ni ba ko sau ɗaya.

Da na gama ya ce, "Ɗana, me takardar ta tambaye ka? Abin da ka sani, ko abin da mutumin ya ce?"

Na ce, "Baba, ai ƙarya ya yi!"

Ya ce, "Na ji. Ni ma na san ƙarya ce. Amma ba ita na tambaye ka ba. Ka ga ni nan, akwai ranar da wani Bature ya tsaya gaban dattawan garinku ya ce kiɗan bikinsu hauka ne. Ni ne bakinsa. Na faɗa musu yadda ya faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Da aka watse na bi shi har gindin motarsa na ce, Maigida, yau ka yi ɓarna, ga dalili. Sai da ya koma ya ba su haƙuri. Da na gyara masa maganar a bakina, wa zai san ya yi ɓarnar? Da me zan kama shi?"



Ya ƙara da cewa, "Faɗin abin da mutum ya ce ba yarda da shi ba ne. Amma kai ba ka iya jin mutum har ƙarshe ba. Matarka ma ta ce rabon da ta kai ƙarshen magana a gidan nan har ta manta. To wanda bai ji matarsa ba, bai ji takarda ba, yaya zai ji Ubangiji?"

Wayyo, 'yan'uwa! Maganar nan ta shige ni. A nan tsakar gida na durƙusa, rana tana dukana, Baba Ayuba ya ɗora mini hannu. Ban iya doguwar addu'a ba. Cewa kawai nake, "Ya Yesu, ni kurma ne. Ka buɗe mini kunne. Ka karɓi fushin nan, ya fi ƙarfina." Na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Da na tashi, na ji kamar an sauke mini dami daga ka.

Na roƙi Rahila gafara, na ce ta faɗi duk abin da ke ranta. Ta faɗa. Ya yi tsawo ƙwarai, na kuwa ji shi duka. Ashe ta tsince littafin daga bayan danga ta ɓoye a cikin kwallarta. Tun ranar ban sake leƙa gidan burukutu ba, sai dai kunya ta hana ni dawowa cikinku sai yau. Yabo ga Ubangiji!

Na koma Kano a karo na biyu, na ƙarshe. Kada ku ɗauka masu jarrabawar sun shiryu. Wannan karon rubutun cewa ya yi manoman ƙasashe masu zafi ba su da tanadin gobe, abin da suka noma bana bana suke cinyewa. Ku ji fa! Ku da kuka ga farin da aka yi shekarun baya, kun san rumbun babana na dawa 'yar shekara uku shi ya riƙe gidajenmu har da maƙwabta.

Na ji fushin nan ya taso mini. Na ajiye fensir na ce, "Yesu, ga shi nan ya dawo." Na ja numfashi. Na karanta rubutun har ƙarshe, na sake karanta tambayar: bisa ga marubucin. Na nemi zagayen da ya ce ba su san tanadi ba, na cike shi. Na wuce ta gaba. Na gama duka kafin a ce a ajiye.

Makon jiya takarda ta zo. Na ci. Gurbin nawa ne, bayan girbi zan tafi.

Amma murnar ta ƙi zama, don akwai wanda ban gaya wa ba. Na hau babur na tafi Doguwa, na sami babana a gona. Na durƙusa na ce, "Baba, na ci, amma sai da na cike takardar da ta ce ba ku san tanadin gobe ba. Ka yafe mini."

Ya dogara da fartanyarsa ya dube ni. Ya ce, "Shi mai maganar, ka ji shi har ƙarshe?"

Na ce, "Na ji shi, Baba."

Ya ce, "To madalla. Yanzu ka je garinsu ka zaunar da shi, shi ma ya ji ka har ƙarshe."

Abin da zan je yi ke nan, 'yan'uwa. Har gobe ina cewa ƙarya suka rubuta, kuma da bakina zan gaya musu, da Turancin nasu. Da fushina ya ci ni, da a gidan burukutu zan ƙare ina faɗa wa waɗanda suka riga suka sani.

Na gode wa Ubangiji da ya kwance ni. Na gode wa Rahila, na gode wa Baba Ayuba. Kai da kake zaune a nan da gaskiya a hannunka amma zuciya tana neman kashe ka, kawo ta wurin Yesu tun ba ta cinye maka gida ba. Ya iya da tawa, zai iya da taka. Ku riƙa tunawa da ni cikin addu'a. Amin.