Ruwan Rami na Bakwai da Kujerar Malam

Assalamu alaikum.

Mai girma shugaban taro, shugabannin wannan ƙungiya ta wasan golf, manyan baƙi, masu gyaran ciyawa da na shekara biyu ina yi wa ɓarna, 'ya'yana da jikokina da suka zo cin abinci amma suka ce tafi suka zo yi mini, jama'a maza da mata, barkanmu da yau.

Na gode da wannan kofi na sababbin 'yan wasa. An ce in yi magana ta minti uku. Wanda ya yanka wannan lokaci bai san ni ba.

Magana ta farko, ni ba son golf ne ya kawo ni filin nan ba. Maigidana Malam, ga shi can yana ɓoye fuska da hula, shi ne ya yi shekara talatin yana wasan. Da aka yi masa aiki a gwiwa, sai ya jefa jakar sandunansa bayan ƙofa, ya samu kujera gaban taga ya dasa kansa. Likita ya ce in bai riƙa tafiya ba, ƙafar za ta sandare, sai keken guragu. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, Malam ko gezau.

Ran nan sai na zaro sanda guda, na tsaya a tsakar gida daidai tagarsa, na riƙe ta yadda nake riƙe tsintsiya, na kai wa ƙwallo duka. Ƙwallo tana nan zaune, tukunyar fulawa ce ta mutu.

Ya leƙo ya ce, "Ke! Maciji kike kashewa?"

Na ce, "Golf nake yi, Malam. Ashe ma ba wuya."

Jama'a, mutumin da ya yi wata huɗu bai taka tsakar gida ba, sai ga shi a kaina yana gyara mini yatsu.

Magana ta biyu, koyo da tsufa akwai wuya. Na haƙe ciyawa, na kwana biyu ina fama da ramin yashi, hannuna ya yi kanta, bayana ya yi ƙara. Kullum Malam na biye da ni yana ɗingishi yana cewa, "Sunkuyar da kai! Kalli ƙwallo!" Shekara arba'in da biyar bai samu na sunkuyar masa da kai ba, sai a filin nan. A hankali ƙwallo ta fara tashi, a hankali ta fara jin magana. Muka tashi daga rami biyu zuwa biyar, daga biyar zuwa tara, ni ina ƙirga bugu, ban gaya masa ba ina ƙirga takunsa.

Sai magana ta uku, wadda ita ce tonon asirina. Kun san ruwan da ke gaban rami na bakwai. Ƙwallayen da ya cinye mini, da kaji ne da na buɗe gona. Malam ya taɓa cewa, "Ranar da kika tsallake ruwan nan na gama aikina, in koma kujerata in huta."

Wata safiya ya tafi ganin likita, na zo ni kaɗai. Na buga, ƙwallo ta haye ruwa ta sauka kan lallausar ciyawa kamar an aike ta. Na yi rawa, na yi rawa, sai maganarsa ta faɗo mini. Tun daga ranar, in dai yana kallo, cikin ruwa nake jefa ta da gangan. Wata shida cur! Masu tsamo ƙwallo, ku yafe mini.

Yau da muka iso rami na bakwai, na tsaya ina duban ruwan. In na haye, kofi nawa ne, amma kujera na jiran mijina. Har na karkata sanda wajen ruwa, sai ya matso ya ce a hankali, "Hajiya, wata shida kina jefa ta gindin dutse guda. Wanda bai iya ba, ba ya kuskure a wuri ɗaya. Buga abinki. Kujerar nan na kyautar da ita tun shekaranjiya, ke ce ba ki lura ba."

Ashe tsohon nan ya san komai, ya bar ni ina ta asarar ƙwallaye! Na sunkuyar da kai, na buga. Sauran kun gani da idonku.

Allah ya ƙara wa wannan ƙungiya albarka. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinyarsu haƙuri da dabara. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Malam kuma, tashi ka zo ka ɗaukar mini kofin nan, da ƙafarka.

Na gode.