Injin da Ba Shi da Ramin Kwandala

Jiya kun ga an sauke sabon injin wasan ƙwallon ƙarfe a shagon kofi na tashar Rosario, kuka tafa, kuka wuce. Ba wanda ya duba ta ina ake biya. Ni na tsaya, na ji wata tsohuwa ta tare dillalin da ya kawo injin.

"Ɗana, kadan nan da ke jikin injin, shi ne na fim ɗin nan?"

"Shi ne, Inna. Yana haɗiye ƙwallo, har gyatsa yake yi."

"Sak marigayi mijina. Nawa?"

"Injin, kuɗin ƙaramar mota. Wasa ɗaya, peso dubu biyu."

"To ina ramin kwandalar wasa?"

"Babu. Da waya ake biya."

"Shekara arba'in ina ɗora kwandalata kan gilashi don a san ni ce ta gaba. Yanzu waya zan ɗora? A tasha?"

"Akwai mai rami, amma ya fi tsada. Mai shago ya ƙi."

"Kai ka taɓa buga wannan?"

Ya waiga hagu da dama. "Wayata ta tsufa, Inna, ba ya karɓa. Tsohon injin bayan kasuwa nake bugawa."

"Au! Kai ne Rufino da ya ture sunana daga saman allon maki?"

"Ke ce Ofelia? Wallahi sa'a ce!"

"Sa'a? Girgiza shi kake yi, ɗan nema!"

Suka tuntsure da dariya, amma Inna Ofelia ta tafi ba ta buga ba. Ku je yau ku gaya wa mai shago: in bai sauya da mai rami ba, ya shanye kofinsa shi kaɗai.